Na Ce wa Gado Kada Ya Zo

Ba mu ma fita daga ƙasar Binin ba Gado ya fara damuna da waya. Muna cikin wata tsohuwar mota da aka cusa mu kamar buhunan albasa, gwiwata a haƙarƙarin wani Bazabarme, sai ga kira.

"Bawana, kun isa? Kihi nawa kak kama?"

"Ko ruwan ban gani ba tukuna, sarkin gaggawa."

"To ka buɗe ido da kyau. In wurin ya yi, ka hwaɗa min in sai da jirgina in taho. Kada ka ci kai ɗaya, ka san cikinka ba shi da albarka."

Gado taubashina ne. Mahaifiyarsa, Gwaggo Hajo, ƙanwar babana ce, kuma tun muna yawo tsirara a bakin gulbin Argungu ba mu taɓa yi wa juna magana a miƙe ba. Shi ya ce ni bawansa ne, ni na ce shi ne nawa. In ya ɗinka sabuwar riga sai in ce ta mamaci ce ya tsinta a gwanjo. Ranar aurensa da Hadiza, a gaban jama'a na je na yi wa amarya jaje. Shi kuwa da yake gwanin nutso ne, in muna kan ruwa sai ya shige ƙasa ya yi zamansa har hankalina ya tashi, sannan ya ɓullo ta bayan jirgi ya watsa mini ruwa a ƙeya. Ga taubasantaka, ga kuma sana'a, domin mu duka masunta ne, masunci kuwa ba ya faɗin inda kifi yake. Ko jirginsa na neman nutsewa don kaya, ka tambaye shi ya ruwa, zai ce maka babu kome. Na taɓa rantse wa Gado cewa wani gurbi da ke bayan Gulma ya mutu, ya kwashi komarsa ta kamun kifi ya yi Augie, ni kuwa na koma gurbin na yi ta ɗiba. Ya daɗe yana ba mutane labarin, yana dariya har da hawaye.

Shawarar da muka yanke ita ce ni in fara zuwa Gana in gano. Ni ba ni da abin da zan bari. Ambaliya ta cinye shinkafar da na yi ta zubawa a fadamar Zauro damina bayan damina, kifin gulbi kuma ya koma 'yan mitsi-mitsi da a da yara ma ba sa ɗauka. Gado ba haka yake ba. Yana da jirgin katako mai kyau da ubansa ya bar masa, ga mata da ciki, ga tsohuwa. Jirgin nan shi ke riƙe da gidan, ko da da ƙyar ne. Ko ya sayar ko ya bari, duk ya rataya a kan abin da zai ji daga bakina.

Wanda ya kwashe mu wani dillalin kifi ne mai suna Ɗanjuma. Ya zo kasuwar Argungu da bidiyo a waya, giwan ruwa ƙato-ƙato jibge a bakin wani tafki da ya ce ba a ganin ƙarshensa. Ya ce kaka ɗaya mutum zai yi a ba shi jirgi mai inji na kansa. Bakin Ɗanjuma zuma ne har muka kai Zugu, a ƙasar Binin. Daga nan ya daina amsa gaisuwa. A Kara, cikin ƙasar Togo, ya zaunar da mu a tasha ya ce zai je ya sayo mana burodi, burodin da har yau ban gani ba. Wani mutum ne daban ya zo ya nuna mu da baki, ya ce mu tashi, yanzu a hannunsa muke. Ba mu jin harshen garin, ba mu san gabas ba balle yamma, muka bi shi.

A Salaga, bayan mun shiga Gana, na fara jin sanyi a raina. Wani dattijo mai sayar da goro ya ji muna magana ya taso. Ya ce kakansa daga ƙasar Kabi ya zo fatauci bai koma ba, shi kuwa bai taɓa ganin wurin ba sai a bakin tsofaffi. Ya sa aka kawo mana koko da ƙosai, ya ƙi karɓar ko sisi, yana ta tambaya wai har yanzu ana kama kifi da gora. Can ya ce, "Kun iya nutso?"

Muka ce haba Baba, mutanen Argungu kake tambaya? A ciki aka haife mu.

Bai yi murmushi ba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce Allah ya tsare, ya ƙara mana goro a hannu. Na ɗauka halin tsufa ne kawai.

Da muka tsaya a bakin tafkin, gaskiya Ɗanjuma bai yi ƙarya a wannan ba, ruwa ne iya ganinka. Amma abin da bidiyonsa bai nuna ba shi ne itatuwa. Ko'ina ka duba kawunan matattun itatuwa ne tsaye a cikin ruwa, baƙaƙe, babu ganye. Ashe daji ne da garuruwa aka datse kogi ruwa ya haɗiye su tun kafin a haife mu, kuma waɗanda ake gani kaɗan ne a kan waɗanda ke ƙasa. Muka tsallaka zuwa Yeji, daga can aka sa mu a jirgi mai inji aka yi ta tafiya har gari ya ɓace, aka sauke mu a wani sansani na bukkokin ciyawa. Babu hanyar mota. Jirgin mai wurin, wanda kowa ke kira Masta, shi kaɗai ke shiga da fita.

Washegari na gane dalilin tambayar dattijon Salaga. Ba don kamun kifi aka ɗebo mu ba, suna da masu yi. Kullum komarsu sai ta sarƙe a rassan da ke ƙasa, mu kuwa aikinmu shi ne mu nutsa mu kwance ta. Mutanen wurin ba sa shiga, sun san abin da ke ciki. Kuma ba a yarda ka shiga da wuƙa ba, don kada ka ji wuya ka yanke zaren. Da yatsu za ka warware, a cikin duhu, reshe na jan wandonka, koma na naɗe maka ƙafa. A gulbinmu ƙasan ruwa laka ce da yashi, ka rufe ido ka lalubi kifi ka taso abinka. Nan kuwa zurfin kaɗai ya isa ya sa ka ji kanka zai tsage. In ka yi maganar lada, Masta ya ce sai ƙarshen kaka. In ka tambayi yaushe kakar ke ƙarewa, sai ya daina jin Hausa.

Ban yi wata biyu ba kunnena na hagu ya fashe. Na taso na ji ɗumi na bin wuyana, na shafa na ga jini. Masta ya duba ya ce in toshe da tsumma in koma, koma ba za ta kwance kanta ba. Wata mata mai bandar kifi a sansanin, Mma Adisa, ita ta ja ni gindin murhunta da yamma, ta narka man kaɗanya ta ɗiga mini. Hausarta irin ta zango ce, ba ta bambanta mace da namiji, a da da na yi mata dariya. Ta ce, "Ɗana, uwanka yana da rai?" Na ce tana nan. Ta ce, "To kar ka mutu a nan." Kunnen bai dawo ba. Har yau da nake gadi a wani gida a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, in maigida ya yi mini magana ta hagu sai dai ya zagayo.

A duk sansanin wuri ɗaya ake samun sabis, kan wani ƙaton suri da ke bayan bukkoki. Mma Adisa ta sa mini waya a caji a ɗan faifan solarta, na hau surin na kira Gado.

"Gado, saurara da kyau. Kada ka taho. Wurin ga ba wurin zuwa ba na."

Sai na ji ya fashe da dariya. "Alhamdu lillahi! Ashe ka ishe kihi."

"Wallahi ba wasa nika yi ba. Bauta muka yi nan. Kunnena ya hwashe."

"To kai da ma bawa na, mi as sabo ciki? Gurbin bayan Gulma ma wallahi kac ce min."

Na yi ta bayani, itatuwa, nutso, Masta, abinci sau ɗaya. Duk abin da na faɗa sai ya ƙara masa daɗi. Ya ce bai taɓa jin na ƙawata ƙarya haka ba, lalle abin da nake ɓoyewa babba ne. Har katin ya ƙare yana kiran Hadiza ta zo ta ji bawansa ya zama marowaci. Na sauko daga surin ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi, ina kuma jin tsoro.

Na yi tunanin in bi ta kan Gwaggo. Amma wayar gidan ita ce ta Gado, kuma duk abin da Gwaggo ta ji kafin la'asar ya kai kunnen innata, wadda hawan jini ya riga ya kayar sau ɗaya. Duk ranar da aka haɗa ni da inna, lafiya lau nake cewa, aiki na kyau, ana cin abinci. Ban san ko akwai ɗan da ke iya ce wa uwarsa wani abu ban da wannan daga wata ƙasa ba. Gado kuwa yana gefe yana ji, yana ƙara tabbatar wa kansa.

Sai dama ta zo. Akwai wani mutumin Zauro a sansanin, Bube, wanda ya riga mu zuwa. Nutso ya taɓa masa ƙirji har ya fara tarin jini, Masta ya ga ba shi da sauran amfani ya ce ya tafi. Na riƙe hannunsa a bakin jirgi na ce, "Bube, don girman Allah, kahin ka shiga gida ka biya Argungu. Ka biɗi Gado, ka buɗe mai ƙirjinka shi gani. Ni ba shi yarda da ni, amma kai ba taubashinai ba na." Ya yi alkawari, kuma Allah ya sani ya cika.

Bayan mako guda na hau suri na kira, zuciyata a sake.

"Manzonka ya zo," in ji Gado. "Shadda har ƙasa, hula sabuwa, takalmi na ƙyalli. Shina hwaɗin wahala shina gyara hannun riga. Nac ce to madalla, kun haɗa baki ke nan. In wahalar Gana haka taka sa mutum, ni ma a ba ni."

Daga baya na ji yadda aka yi. Da Bube ya sauka Birnin Kebbi sai ya biya wajen wani ɗan'uwansa ya ari kaya, don ba zai shiga garinsu da tsumman da ya baro sansani da su ba. Ban ga laifinsa ba, da ni ne ma abin da zan yi ke nan. Gado ya ji tarin, amma shaddar ya duba.

A ranar na yi abin da ban taɓa yi a gabansa ba tun muna yara. Na fashe da kuka a kan surin nan, ina cewa Gado ka ji tsoron Allah, ka dubi Hadiza, ka dubi Gwaggo, ka riƙe jirginka. Har na ɗauka maganar ta shiga. Can ya ce, "Kai, har kuka ka koyo can? Lalle ka ƙware." Sannan ya ce, "Bar wahal da kanka. Jirgi na sai da shi shekaranjiya, wani mutumin Yawuri yat tahi da shi. Ka share min ɗaki."

Daga nan wayarsa ta daina shiga. Na san yana hanya, kuma na san tashoshin da zai bi ɗaya bayan ɗaya, har da wanda zai ce zai je sayo burodi. Kullum jirgin Masta ya dawo daga gari sai gabana ya faɗi. Na yi ta addu'a a tare shi a kan iyaka a mayar da shi, ko a kwashe masa kaya ya rasa na gaba ya juya. Ban taɓa roƙa wa mutum sharri da zuciya ɗaya irin haka ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina zaune ina ɗinkin koma, sai na ga mutane na duban bayana. Ashe tun daga cikin jirgi yake ƙwala kira, ta hagu yake, ban ji ba. Na juya na gan shi ya diro da jaka a kafaɗa, baki har kunne.

"Ina bawana? Ina benen da kag gina? Hito da kajin da kaka ɓoyo!"

Na miƙe. Ba riga a jikina. Ya dubi haƙarƙarina, ya dubi tsumman da ke kunnena, ya dubi bukkokin, ya juya ya dubi itatuwan da ke tsaye a ruwa. Ina kallon dariyar tana barin fuskarsa a hankali.

"Manu," ya ce. Rabon da ya kira sunana tun muna makarantar allo. "Ashe gaskiya kaka hwaɗi."

"Gaskiya nika hwaɗi."

Ya ajiye jakar ya zauna a kan yashi. Can ya buɗe ta ya fito da ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji, ya ce Gwaggo ta ce a ba ni. Muna nan zaune Masta ya aiko a kira sabon zuwa.

Komawa ba ta taso ba. Abin da ya samu na jirgi, ya bar wa gida wani abu, sauran hanya ta lashe. Ko da an buɗe masa ƙofa, ya koma ya ce wa Gwaggo me? Ya shiga aiki, kuma cikin 'yan kwanaki Masta ya gane ya yi tsintuwa. Inda mu ke shiga mu fito mu sake shiga, Gado shiga ɗaya yake yi koma ta taso. Da ya ga yadda nake fitowa ina layi, jini na bin kunnena, sai ya riƙa karɓe mini nawa. In na yi gardama ya ce in riƙe jirgi kawai.

Abin da ya fi cina shi ne shirunsa. Na yi ta tsokanarsa ko zai tanka. Na ce wandon nan nasa na mamaci ne, ya ce haka ne. Na ce tun da ya zo kifi ya gudu saboda warinsa, ya ce Allah ya kyauta. Da labari ya zo Hadiza ta sauka lafiya, namiji, na ce to Allah ya sa kada ya ɗauko kan ubansa. Ya dube ni kawai ya ce amin. Ya hau suri ya yi magana da gida ta wayar maƙwabta, ina ji daga ƙasa yana cewa lahiya lau, aiki na kyau. Da ya sauko ya gaya mini Hadiza ta ce da ta yi arba'in za ta fara turara wa mutane shinkafa a biya ta. Ya ce, "Matata, Manu. Da jirgina."

Ranar da abin ya faru rana ce tsaka, ruwa kwance ko iska babu. Koma ta kama a wani wuri mai zurfi, kuma layina ne. Na fara cire riga ya dafa kafaɗata, ya yi bisimilla ya shige. Muka jira. Mutanen jirgin suna hirarsu, sun saba da daɗewarsa. Ni na san iyakar numfashin Gado fiye da kowa a duniya, kuma na ji lokacin da ya kai ta. Amma maimakon in faɗa ruwa, sai wani farin ciki ya taso mini. Na ce a raina yau dai mutumina ya dawo. Na juya ina duban bayan jirgi, na ma noƙe wuya ina jiran ruwa a ƙeya.

Ba abin da ya ɓullo. Sai igiyar da ke hannun ɗaya daga cikinsu ta yi wata irin girgiza, ta tsaya.

Na shiga. Na bi igiya har ƙasa ina lalube, hannuna ya faɗa kan ƙafarsa. Komar ta naɗe shi daga gwiwa har ƙugu, ta haɗa shi da reshe. Na ja, na ciza zaren da haƙori, numfashi ya ƙare mini na taso ina ihu a ba ni wuƙa. Suka tsaya duban juna, kowa na tsoron Masta. Wani tsoho a cikinsu ne ya zaro tasa daga ƙugu ya miƙo mini. Na koma na yanke komar gaba ɗaya, na fito da shi. Na danna cikinsa, na busa masa a baki, na kira shi da duk sunan banza da na taɓa kiransa. Ya riga ya tafi.

Masta ya ji tsoron magana ta fita cewa ya ɓoye gawa, ya ba da jirgi a kai ta gari. Mma Adisa ta cire mayafinta ta rufe shi. A Yeji mutanen zango, waɗanda ba su taɓa ganinmu ba, su suka yi masa wanka, suka kawo likkafani, suka cika sahu. Bayan an rufe shi liman ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi wa jama'a bayani, aka haɗa mini na mota. Ko sansanin ban koma ba. Na biyo hanyar da muka zo a juye, ban sauka a Salaga ba don ba zan iya haɗa ido da dattijon nan ba.

Ban ari rigar kowa ba, yadda nake haka na shiga Argungu. An riga an yi zaman makoki an tashi, don labari ya riga ni ta waya. Na yi sallama a gidan Gwaggo. Hadiza na ɗaki, ina jin kukan jariri. Gwaggo na zaune a tabarma a tsakar gida da carbi, ta rame amma idonta a bushe. Mutane sun ce tun da aka gaya mata ba ta zubar da hawaye ba, sai dai ta ce kwanansa ne ya ƙare. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ita ce ma take ba ni haƙuri.

"Na hwaɗa mai kada shi taho, Gwaggo. Wallahi na hwaɗa mai."

"Na sani, Manu. Nan inda kake yay yi ta dariya har yaz zamna ƙasa. Ba laihinka ba na. Ruwa sana'arku ta, ubanai ma cikin ruwa yag girma."

Ta tambaye ni ko an yi masa sutura yadda ya kamata, na ce an yi. Ta tambaya ko mutane sun taru, na ce sun taru sosai. Ta gyaɗa kai tana jan carbi. Can sai ta ɗan yi murmushi.

"Ai na san ko can kun ishi mutane da wasanku. Halan har ranar shina ce maka bawanai?"

Da na ce mata e, da ta ci gaba da jan carbinta. Amma na gaji da maganar da ba a miƙe take ba.

"A'a, Gwaggo. Tun randa yas sauka bai ƙara yi min wasa ba. Manu yaka ce min."

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta daɗe tana dubana.

"Ko sau guda?"

"Ko sau guda."

"Wayyo ɗana," ta ce. "Ashe ya sha wuya."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kukan ya ƙwace mata, har Hadiza ta fito da jaririn a hannu tana tambayar abin da na faɗa.